Mangwaron Mama Rabaran

Ranar da motar kaya ta sauke sabon Rabaran da matarsa a gidan cocinmu na Metodis a Kamazou, ina tsaye a kan turmi ina leƙe ta saman katanga. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da gidan fasto, kuma tun da masaƙar da nake aiki a Kakuri ta rufe, ba ni da wani ofis sai wannan turmin. Daga kansa na ga matan fastoci sun zo sun tafi. Akwai wadda ta sauko tana ƙirga tukwanenta, akwai wadda ta sauko tana harare-harare. Wannan kuwa gajeruwa ce, mai jiki, da tabarau rataye a wuya, ta sauko daga gaban mota rungume da tsohon bokitin fenti. A cikin bokitin akwai wani ɗan tsinke mai ganye. Masu sauke kaya suka fasa mata faranti, ko waiwaye ba ta yi ba. Amma da wani ya miƙa hannu zai karɓi bokitin, sai ta maka masa wani kallo, ya janye hannunsa da sauri.

Ta ɗaga kai ta gan ni. Na yi niyyar in nutse bayan katanga, amma ta riga ni.

"Ke ta sama, sannu da aiki," in ji ta. "Ina ne rana ta fi bugawa a gidan nan?"

Na nuna mata gefen katangarmu. Kafin a shigar da gado ɗaki, ta ari fartanyata ta fara haƙa rami. Tun daga ranar take kirana Maƙwabciya, ni kuma ina ce mata Mama, kamar yadda kowa a ikilisiya ke kiran matar Rabaran.

A tsarin cocinmu fasto ba ya daɗewa wuri ɗaya. In ya yi 'yan shekaru sai a ɗauke shi a kai shi wani gari, matarsa kuwa ba a tambayarta, ɗaure kaya kawai take yi ta bi. Mama ta yi wannan yawon tun tana amarya, daga ƙananan garuruwan Filato zuwa na Nasarawa zuwa na hanyar Kafanchan. Tana haƙa tana ba ni labari, gumi na ɗiga daga haɓarta.

"Maƙwabciya, kin gan ni nan? Na ciyar da jama'a da 'ya'yan itace har sun ƙoshi, ni ko ɗaya bai taɓa shiga bakina ba. Duk gidan da aka kai mu sai na dasa wani abu. Gwaiba, lemo, fiya. Ita fiyar nan shekara da shekaru ina mata ban-ruwa kamar mai renon jariri. Ranar da ta yi fure, ranar Baba ya shigo yana murmushi, wai Ubangiji ya kira mu wani wuri. Na ce, Baba, shi Ubangijin bai ga furen ba ne?"

Abin da ya fi ci mata rai shi ne matan fastocin da suka gaje ta. In an haɗu a babban taron mata, sai su rungume ta suna cewa, "Mama, lemonki kamar zuma! Yara har zawo suka yi don sha." Amma babu wadda ta taɓa tunanin ta ƙullo mata ko ɗaya a leda.

Kamazou ce tasharsu ta ƙarshe. Daga nan Rabaran zai yi ritaya, su koma wurin ɗansu a Mahuta, gidan haya ne, tsakar gidan duk siminti. Saboda haka a hanyarsu ta zuwa ta sa direba ya tsaya a Kakau, ta sayi dashen mangwaro mai aure a wurin wani mutum a bakin titi, wanda ya rantse mata cewa wannan ba ya ɓata lokaci, kuma zaƙinsa sai an sha ruwa a bayansa. Ta danna ƙasa a gindin tsinken da tafin hannu, ta miƙe tana riƙe da ƙugu.

"Wannan kam sai na sha," ta ce. "Ko Bishop ne ya zo da kansa, sai ya jira ni in sha."

Na yi dariya a ranar. Ban san da gaske take ba.

Aikin matar Rabaran ba shi da albashi kuma ba shi da lokacin tashi. Ita ce shugabar zumuntar mata, ita ce mai raba faɗan miji da mata, ita ce ke fara isa gidan haihuwa da gidan makoki. Ni ke buga tulu in zumunta za ta yi waƙa, don haka kullum ina kusa da ita, kuma zan faɗi gaskiya ko da ta mutu: Mama ba ta da murya. In ta ɗaga waƙa, sai mu bi ta a guje mu rufe ta da kiɗa don kada baƙi su ji. Amma in wata ta kwanta ciwo, kafin danginta su iso Mama ta riga ta share ɗakin, ta dama kunu, ta kuma yi wa mijin faɗa.

Abu ɗaya ne ba ta wasa da shi, wato nunan fari. Al'adar cocinmu ce, duk abin da ya fara fitowa a hannunka, doyar farko, masarar farko, ɗan akuyan farko, sai ka kawo shi gaban bagade, wato teburin da ke gaban coci, ran Lahadi. Bayan sujada a yi gwanjonsa, kuɗin ya shiga baiko, wato asusun coci. Kafin zuwan Mama mutane sun fara mantuwa da gangan. Ita ta farfaɗo da abin, kuma kunnenta ya fi na kowa ji. Wata safiya budurwar kazata ta yi ƙwan farko. Ko ɗuminsa bai huce ba, na riga na ɗora kasko a raina, sai na ji murya ta bayan katanga.

"Maƙwabciya! Na ji albishir!"

Na ce kazar tsoro ta ji, shi ya sa take kuka. Ta ce ita ma ta yi kiwon kaji, ta san kukan tsoro ta san kukan godiya. Ran Lahadi na kai ƙwai gaban bagade a cikin kofi, ina tafe ina cika ina batsewa. Sati guda ban hau turmi ba don fushi. Ita ce ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da kwanon pate, ta ce katanga ta yi mata shiru.

Babbar abokiyar gabar mangwaron ita ce akuyar wani dattijon coci, tsohon ma'aikacin reluwe, wanda kuma shi ne shugaban kwamitin gine-gine. Wata rana akuyar ta shigo ta cinye kan dashen tas, ta bar tsinke tsirara. Ihun da Mama ta yi, na ɗauka ɓarayi ne. Ta kama akuyar da hannunta, ta ɗaure ta a ƙofar coci, ta bar ta nan har Lahadi, kowa ya shigo sai ya tsallake igiya. Rabaran, mutum ne dogo, siriri, mai magana a hankali kamar yana tsoron kada ta fashe, ya hau mumbari ya yi wa'azi mai tsawo a kan gafara, yana yi yana satar kallon bencin gaba. Da aka tashi ya same ta a ƙofa.

"Mama, kin dai ji Maganar."

"Na ji, Baba. Na yafe mata har cikin zuciyata. Amma igiya sai mai ita ya kawo shinge."

Kafin yamma dattijo ya kawo karyayyun benciyoyi ya kewaye tsinken da su. Allah da ikonsa, dashen ya sake toho.

Dattijo bai manta ba. Bayan shekara ya kawo shawara a kwamiti cewa a gina bayan gida na baƙi, kuma duk faɗin filin coci bai ga wurin da ya dace ba sai daidai inda mangwaro yake. Mama ta ji labari. Sai kawai ta sanar cewa daga yau zumunta za ta riƙa koyon waƙa a inuwar mangwaro. A lokacin mangwaron bai wuce ƙuguna ba, inuwarsa ko kaza ba ta isa ba. Haka muka riƙa zama kewaye da shi da rana tsaka, cikin zanen zumunta, muna zuba gumi, ina buga tulu, Mama na ɗaga waƙa iya ƙarfinta. Duk sanda magina suka zo da igiyar awo sai su tarar da mu. Ba wanda zai iya cewa iyayensa mata su tashi daga yabon Allah don zai haƙa masai. A ƙarshe aka gina shi can bayan ɗakin makarantar Lahadi. Ni kuwa na yi baƙi ƙirin, har 'yata ta tambaye ni ko na koma gona.

Da rani, lokacin da rijiyoyin unguwa suka ja baya, ruwan wanke-wanke da na wankan Rabaran duk a gindin bishiyar suke ƙarewa. Har nawa ta riƙa karɓa ta saman katanga.

Wata shekara da sanyi, ina shara, sai na ji, "Maƙwabciya! Hau turmi!" Na hau. Tana tsaye da tabarau a hanci, tana nuna mini fure. Abu na farko da ta yi shi ne ta shiga ɗaki ta tambayi Rabaran ko akwai wani saƙo daga wurin Bishop. Ya ce babu. Ta ce in ma ya zo, kada ya karɓa.

Wata 'yar zumunta daga Binuwai, wadda ta tashi cikin gonar mangwaro, ta ba ta shawara cewa furen farko zubar da shi ake yi don bishiya ta yi ƙarfi. Mama ta dube ta sama da ƙasa, ta ce ta gode, ta kuma tambaye ta ko ita ma haka ta yi da ɗanta na fari. Furen ya zama 'yan ƙanana kore, suka fara girma. Sai iskar ruwan farko ta zo da yamma, ta kwashe kwanon rufin makarantar Lahadi, ta kakkaɓe bishiyar. Da ta lafa muka fito, ƙasa duk ɗanyen mangwaro. Mama ta yi ta ɗaga ganye tana dubawa har ta samo guda ɗaya da ya rage, can a ƙasan reshe.

Wannan guda ɗayan ya zama ɗan ikilisiya. Don tsoron jemage da tsuntsaye, Mama ta sa masa safa, baƙar safar Rabaran ta zuwa coci. Ran Lahadi ya hau mumbari da baƙa a ƙafa ɗaya, ruwan ƙasa a ɗayar, mu na bencin gaba duk mun gani, ba wanda ya iya kallon ɗan'uwansa. Gaisuwa ma ta canja. Sai ka ji, "Mama, ina kwana, ya Baba, ya mangwaro?" Ita kuma ta amsa da gaske, "Ya kwana lafiya, ya fara ja a gefe."

Da ya kusa nuna, sai wani shiru ya sauka a zumunta. Kowa ta tuna doyarta da masararta da suka tafi gaban bagade, kuma kowa ta san wannan shi ne nunan fari, ba shi da ƙane. Ba wadda ta furta. Ni dai tausayinta ya kama ni. Ranar Asabar na hau turmi na tarar da ita ta cire safar, tana riƙe da shi a tafin hannu, ya yi jawur, ƙamshinsa har inda nake.

"Mama," na ce da ita ƙasa-ƙasa, "ki sha abinki yanzu. Ni ban gani ba. Katanga ma ba ta gani ba."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Kazarki ta gani."

Washegari ta shigo coci da shi a kan faranti, an rufe da farin leshi, tana tafiya a hankali, fuskarta kamar mai rakiyar gawa. Ta ajiye a gaban bagade ta koma ta zauna, ba ta ko ɗaga waƙa ba ranar.

Mu matan kudancin Kaduna mun riga mun ƙulla a ɓoye cewa za mu saye shi a gwanjo mu mayar mata. Abin da ba mu sani ba, matan Filato ma sun ƙulla nasu a ɓoye. Da mai gwanjo ya ɗaga farantin, muka taya, sai muka ji an ƙara daga ɗaya ɓangaren. Na juya na ga wata tsohuwar malamar makaranta ce. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, wato wannan matar za ta shanye wa Mama mangwaro a gabanta? Muka ƙara. Suka ƙara. Su ma suna can suna cewa ga marasa imani za su shanye wa Mama mangwaro. Dattijo mai akuya da ya ga ana rububi, bai san dalili ba, shi ma ya shiga don kada a ce mata sun fi shi. Mata suka fara kwance bakin zane. Kuɗin mangwaro ɗaya ya wuce na kaza, ya doshi na ɗan akuya. Har na miƙe tsaye na nuna malamar da yatsa.

"Ke ba ki da tsoron Allah? Mama za mu ba!"

"To mu wa za mu ba?" ta ce. "Kakarki?"

Coci ya kaure da dariya. Mai gwanjo ya haɗa kuɗin ɓangarorin biyu ya zuba a baiko, ma'aji na ta washe baki. Aka ɗauki farantin aka kai wa Mama. Ta karɓa da hannu biyu, hawaye na bin gefen tabarau, ta ce ba ta san abin da za ta ce ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun zuwanta.

A ranar 'yata ta zo mini daga Mahuta, tana da cikin fari, ya tsufa. Tana zaune a bencin bayan Mama. Ba ta ce komai ba, Allah ya sani. Idonta ne kawai ya bi farantin, kuma ta haɗiye yawu, irin haɗiyar da ake ji. A wurinmu ba a cin abin da mai ciki ta ƙyalla ido a kai a bar ta tana kallo. Na kai mata mintsini a cinya.

"Rufe idonki, don ubanki!"

Amma Mama ta riga ta juyo. Ta dubi cikin, ta dubi mangwaron. Na ce, "Mama, kada ki kula ta, yanzu ta ci tuwo." 'Yata ma ta fara rantsuwa cewa ita ko son mangwaro ba ta yi. Mama ta kama hannunta ta danƙa mata.

"Sha, 'yata. Ba ke na ba, baƙon da ke ciki na ba. Ni baɗi ina nan."

Haka yarinyar nan ta sha shi a gaban dukan ikilisiya, tana kuka tana tsotsa, har ƙwallon ya yi fari. Mama ta sunkuya ta tambaye ta, "Ya yake?" Ta ce, "Zuma, Mama." Mama ta gyaɗa kai, ta ce dama mutumin Kakau ya faɗa. Ni kuwa har muka isa gida ban yi wa 'yata magana ba.

Shekarar da ta biyo, bishiyar ta yi fure kamar ta san ana bin ta bashin haƙuri, ta ɗauki 'ya'ya har rassan suka sunkuya. A shekarar ce kuma Rabaran zai yi ritaya. Sai dai tun kafin Kirsimeti na lura Mama na ramewa. Zanenta ya fara zagaye ta har da saura, kullum tana shan ruwa, kuma ta daina jin kukan kazata. Da aka matsa mata ta je asibiti, aka ce ciwon suga ne, ya daɗe a jikinta yana ɓarna, ita tana can tana dama wa wasu kunu. Likita ya lissafa abubuwan da ba za ta ƙara ci ba. Ta ce duk ta yarda. Sai ya ce, da mangwaro.

Ta dawo ta faɗa mini ta saman katanga, tana dariya, amma dariyar ba ta kai ido ba. "Maƙwabciya, Bishop ya ƙyale ni, likita ya kama ni."

Rabaran mutum ne da in aka ba shi doka yakan riƙe ta da hannu biyu. Ya ɗauki maganar likita kamar daga dutsen Sina'i ta sauko. Ya kwashe sukarin gidan ya ba ni, ya hana 'yan zumunta kawo mata kunun zaƙi, in ta zauna a ƙarƙashin bishiyar, wadda yanzu ta yi inuwa ta gaske, sai ya fito da kujerarsa da Littafi ya zauna kusa, wai shan iska yake. Ta ce masa, "Baba, ɗanye ne, ko na so ba zan iya ba." Ya ce ya sani, iska ce dai ta yi daɗi.

Kafin su nuna, wani ɗan ciwo da ta ji a ƙafa ya ƙi warkewa, aka kwantar da ita a asibiti. Daga ƙafa aka koma maganar ƙoda. Mangwaro ya nuna tana can. Ba wanda ya yi shela, amma duk unguwa ba wanda ya taɓa ko ɗaya. 'Yan makarantar Lahadi da ke jifan kowace bishiya a Kamazou sai su wuce ta wannan da hannu a baya. Kowa na cewa sai Mama ta fara. Suna nuna suna faɗuwa, akuyar dattijo kaɗai ce ba ta shiga yarjejeniyar ba.

Bayan bikin Ista likita ya kira Rabaran gefe ya ce a sanar da 'ya'ya su zo. Na ji wannan, na san abin da ake nufi, na shiga ɗaki na yi kuka mai isata. Da na fito na hau turmi na miƙa hannu na tsinko wanda ya fi kowanne ja. Na ɗora shi a tsakiyar kaina na naɗa ɗankwali a kai, ƙaton ɗauri kamar mai zuwa biki, na hau keke-napep zuwa asibiti da la'asar.

Na tarar da Rabaran a bakin gado cikin doguwar rigarsa ta aiki. Mama na kwance ido rufe, ta zama 'yar mitsitsiya a cikin zanen gado. Na gaishe shi na zauna, wuyana a sandare don kada kaya ya faɗo. Na jira ya fita. Bai fita ba.

"Baba, ba za ka je ka ɗan huta ba? Ni zan zauna da ita."

"A'a, Maman yara, na gode. Ke dai ko za ki je ki nemo mana ruwan sanyi?"

"Ga ruwa nan a gora, Baba."

"Haka ne."

Ya dubi ɗankwalina, na dubi silin. Sai na lura hannunsa na dama bai bar aljihun rigarsa ba tun shigowata, kuma aljihun ya kumbura. Ya sake cewa ko zan je in kira nas. Na ce nas ɗin yanzu ta fita. Muna cikin wannan sai muka ji murya daga kan gado, siririya, ido har yanzu a rufe.

"Ɗakin nan ƙamshi yake kamar kasuwa. Ku fito da shi mana, kafin in mutu kuna kallon juna."

Na sunkuyar da kai don kunya, mangwaro ya sulluɓo ya faɗa kan cinyata. Rabaran ya yi gyaran murya, ya zaro hannunsa daga aljihu. Nasa a cikin baƙar safa yake. Ya tashi ya ja labule da kansa, sannan ya ce bari a yi addu'a.

"Gajera, Baba," in ji Mama.

Ban taɓa jin ya yi addu'a gajera irin wannan ba. Na ɗaga ta na jingina ta da ƙirjina. Ta ce kada a yanka, yadda yara ke sha take so. Na murza mata shi har ya yi laushi, na ciji kan na huda, na sa mata a hannu. Ta riƙe shi da hannu biyu ta kai baki ta tsotsa. Ruwan ya gangaro ta haɓarta zuwa wuya. Sai fuskarta ta tattare wuri ɗaya, idanunta suka runtse, kafaɗunta suka ɗaga.

"Maƙwabciya."

"Na'am, Mama."

"Mutumin Kakau ya cuce ni."

"Da tsami?"

"Tsamiya ma ta fi shi mutunci. Ashe 'yarki mai ciki ce, shi ya sa ta ce zuma."

Dariya ta ƙwace mini, ita ma ta kama, jikinta na girgiza a ƙirjina, Rabaran ya toshe baki da safa. Na ce ta kawo in jefar. Ta riƙe gam. Ta ci gaba da tsotsa tana yamutsa fuska, tana hutawa tana komawa, har ta kai ƙwallo. Sannan ta ce a miƙo na Baba, ko shi daga reshen kirki ya fito. Ta ɗanɗana, ta ce duk uwarsu ɗaya. Ta koma ta kwanta, bakinta da haɓarta duk rawaya, na kai hannu zan goge, ta ce in bari tukuna.

"Da tsami," ta ce, "amma nawa ne. Ni na dasa, ni na sha."

Ba ta ƙara sati ba. Na yi kewarta fiye da yadda na yi kewar wasu 'yan'uwana na jini, kuma har yau in kaza ta yi kuka da safe sai in ɗaga kai in dubi katanga.

Ranar jana'iza mata suka zo daga duk garuruwan da ta zauna, motoci cike, kowace ƙungiya da zanenta. Kuma sai ga su da kwanduna da buhuna, lemo, fiya, gwaiba, wai daga itatuwan Mama. Na tsaya a ƙofar coci ina kallonsu, raina na tafasa. Na ce da wata matar fasto, "Sai yau kuka gane hanyar?" Ta fashe da kuka, ni ma na fashe, muka rungume juna a kan buhun lemo. Zumunta ta yi waƙa ranar, kowace murya a daidai, ba wadda za a rufe da kiɗa, kuma ban taɓa jin waƙar da ta yi mini rashin daɗi kamar ta ranar ba.

Rabaran ya yi ritaya ya koma Mahuta. Matar sabon fasto da aka kawo ta ɗanɗana mangwaron sau ɗaya ta ce a sare shi. Dattijo mai akuya ne da kansa ya miƙe a kwamiti ya ce sai dai a fara sare shi, shi dattijon, kafin a taɓa bishiyar.

Duk shekara in zafi ya yi, mangwaro ya nuna, sai in ga keke-napep ya tsaya a ƙofar coci, tsohon Rabaran ya sauko da sandarsa. Yakan gaida mutanen gidan, ya nemi izini, ya tsinki guda ɗaya, ya zauna a gindin bishiyar. Ni ina kan turmi. Haƙoransa sun kusa ƙarewa, sai ya murza ya huda ya tsotsa, fuskarsa ta tattare, idanunsa su kawo ruwa.

"Baba, ya yake bana?" nakan tambaye shi.

"Yana nan yadda ta bar shi, Maman yara."

Ba ya tashi sai ƙwallon ya yi fari.